Likita ya ce IBS ne, ga kuma tafiya a gabana

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Shekara uku ke nan cikina bai bar ni na huta ba. Murɗa a ƙasan cibiya, kumburi kamar mai cikin wata biyar, yau gudawa, gobe kuma in kwana uku ban zaga ba. An yi gwajin jini, an yi na bayan gida sau biyu, an yi hoton ciki, duk lafiya lau. Makon jiya likita ya ce IBS ne, wato lalurar hanji mai kawo murɗa da rikicewar bayan gida, wai ba ya kisa amma sai dai lallaɓawa, ba a rabuwa da shi gaba ɗaya. Tun da na dawo gida nake kuka. Asabar mai zuwa akwai bikin ƙanwar maigida a Kaduna, ni kuma hanyar nake tsoro. Masu irin wannan lalurar, yaya kuke yi da tafiya?

Ɗan Fagge: Wa'alaikumussalam. Hajiya basir ne wannan, turanci kawai aka sa masa. Ki nemi mai magani na kirki.

'Yar Maraɗi: Allah Ya ba ki lafiya 'yar uwa. Daina kuka, kukan ma ƙara shi yake.

Malamar Firamare: Ɗan Fagge, don girman Allah kada ka tura ta inda na fito. Ƙanwata, zauna ki ji nawa. Ni sau shida aka yi min maganin taifot cikin shekara biyu. Duk sanda cikin ya motsa sai a ɗebi jini a yi Widal, a ce ya hau, a haɗo ni da Cipro da Flagyl. In sha, bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, gudawar ta ƙaru. Da na gaji sai aka koma cewa olsa ce. Daga nan wata maƙwabciya ta sayo min maganin basir a wajen masu motar nan da lasifika, ruwa baƙi a gorar lemo. Rabin kofi na sha bayan isha'i. Kafin asuba na shiga banɗaki ya fi sau goma, ƙafafuna suka daina ɗaukata, sai leda uku ta ƙarin ruwa aka yi min.

Amma wallahi abin da ya fi cin raina ba ciwon ba ne. Ina tsaye gaban yara aji huɗu, alli a hannuna, sai in ji murɗar nan ta taso, gumi ya keto min. In ce wa monita ya rubuta sunan masu surutu, in fita da sauri, banɗakin makaranta kuwa kun san halinsa. Har na daina karyawa, sai in wuni da ruwa har a tashi. Na rame, aka fara tsegumi a unguwa. Surukata ta ce sammu ne, maigida kuma ya ce min wata rana, “Ke kullum ciki, ciki, an kuma ce ba a ga komai ba.” Wannan maganar ta fi shekara tana min ciwo.

Sauƙina ya fara ne ranar da wata likita ta zauna da ni kusan rabin awa ba ta rubuta ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce in sami littafi, in riƙa rubuta abin da na ci, lokacin da na ci, yadda cikin ya yi, da abin da ya ɓata min rai a ranar. Wata biyu na yi ina rubutawa a littafin yara mai shafi arba'in. Da na duba, ga su nan jere: ƙosai, alale, garau-garau, shayi mai madara, da duk ranar da ake zuwa duba makaranta. Yau shekara huɗu. Yana tashi har yanzu, amma na san shi, ya daina firgita ni.

Uwar Biyu: Anti Malama kin sa ni hawaye. Maganar maigidanki ita ce aka faɗa min, kalma ɗaya ba ta canza ba.

Ɗan Fagge: Malama wancan ɗan damfara kika haɗu da shi. Kakanninmu da me suka rayu kafin asibiti?

Anti Nas: Ɗan Fagge, kai da ka karye a babur bara asibiti muka gan ka. Uwar Biyu, rashin ganin komai a gwaji ba ya nufin ƙarya kike. Hanjin ba shi da rauni, amma jijiyoyinsa sun fi na sauran mutane saurin jin motsi, kuma shi da ƙwaƙwalwa kullum suna aika wa juna saƙo. Shi ya sa fargaba ke tayar da shi, shi kuma ya tayar da fargaba. Likitoci na da ma'auninsu da ake kira Rome IV, na shekarar 2016: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako tsawon wata uku, wanda ke da alaƙa da aƙalla biyu cikin ukun nan: zagawa, canjin yawan bayan gida, canjin kamanninsa, kuma abin ya faro aƙalla wata shida baya. IBS ba ya rikiɗewa ya zama ciwon daji (kansa). Amma duk mai karantawa ya riƙe wannan: in akwai jini a bayan gida, ko ramewa ba dalili, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko gudawar da ke tashin mutum daga barci, ko abin ya fara bayan shekara 50, ko akwai mai kansar hanji a dangi, to a koma asibiti, kada a ce IBS ne a zauna.

Direban Zariya: Maganar tafiya dai. Ki shiga motar farko bayan asuba kafin rana ta yi, ki biya kujerar bakin ƙofa. Ki ja direba gefe ki ce ba ki da lafiya, ƙila ki nemi a tsaya. Ba sai kin yi bayani ba, mun saba. Akwai gidajen mai masu banɗaki daga Kwanar Dangora har Zariya. Buta da sabulu a jakarki.

Ɗan Fagge: Bazazzagi da tsayawa fasinja? Sai dai in shi ne zai sayi rake.

Direban Zariya: Bakano da ya ga kyauta ma sai ya nemi ragi.

Baba Alhaji: Ku bari yara. Ni tambayata alwala. Shekara tara ina fama, sai in tayar da salla in ji cikin yana ƙugi, in rasa ko iska ta fita ko ba ta fita ba. Akwai ranar da na sake alwala sau huɗu a azahar ɗaya. Na bar sahun gaba da na yi shekara talatin ina tsayawa, don kunyar in ratsa mutane in fita.

Malamin Islamiyya: Baba, Allah Ya ƙara muku lafiya. Wannan tambaya an yi wa Annabi (SAW) ita, yana cikin Buhari da Muslim: kada mutum ya bar sallarsa sai ya ji sauti ko ya ji wari. Ƙugin ciki kaɗai ba ya karya alwala. In kuwa iskar ce ke fita ba da ikonku ba mafi yawan lokaci, malamanmu na Malikiyya suna da babin salas, kuma akwai rangwame mai faɗi a ciki. Ku samu limaminku ku faɗa masa yadda abin yake. Ku koma sahunku, Baba.

Baba Alhaji: Allah Ya yi maka albarka. Shekara tara ban iya buɗe baki na tambaya ba.

Ɗalibar Abinci: A kan abinci, akwai tsarin da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fitar, ana ce masa FODMAP. Wasu nau'in sukari ne da hanji ba ya tsotsewa da kyau, sai su ja ruwa, ƙwayoyin hanji su ruɓar da su, iska ta taru. Suna da yawa a albasa, tafarnuwa, alkama, wake, madara, zuma, mangwaro da kankana. Shinkafa, gero, dawa, dankalin turawa, ƙwai, nama, karas, gwanda da lemon zaƙi ba su cika tayar da shi ba. Ana rage masu yawan ne mako biyu zuwa shida kawai, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya don a gane mai laifin. Kada a dawwama a kai, jiki zai rasa abin gina shi.

'Yar Maraɗi: Miya ba albasa? To ai ruwan zafi ke nan.

Malamar Firamare: Lawashi nake sawa, koren ganyen kawai. Tafarnuwa kuma in soya ta a mai in tsame ta in zubar, ƙamshin ya zauna a man.

Ɗalibar Abinci: Daidai ne Anti, abin da ke damun cikin a ruwa yake narkewa, ba ya shiga mai.

'Yar Maraɗi: Ni madarar gari ce ke tayar min, amma hura da nono mai tsami ina sha lafiya lau.

Anti Nas: Kowa da nasa. Uwar Biyu, ki tambayi likitanki kan mebeverine ko Buscopan don murɗa, akwai kuma ƙwayar man na'a-na'a, sai dai tana ƙara wa wasu ƙwannafi. Loperamide na tsayar da gudawa ranar tafiya, amma ke da naki ke juyawa zuwa taurin bayan gida kada ki sha sai ya amince. In ya rubuta miki amitriptyline ɗan kaɗan da daddare kada ki tsorata in kin ga an rubuta a jikin takardar cewa maganin ciwon damuwa ne, don kwantar da jijiyoyin hanji ake ba da shi. Kuma ki tafi da maigida ganin likita na gaba, ya ji da kunnensa.

Ɗan Fagge: Na'a-na'a dai ganye ne. Kun dawo maganata.

Anti Nas: Awo ne bambancin, kai da gorar lemo.

Baba Alhaji: Goro fa? Ina cin huɗu a rana.

Ɗalibar Abinci: Baba akwai sinadarin kofi a goro, yana zaburar da hanji. Ku gwada rage shi zuwa ɗaya na mako biyu ku gani.

Baba Alhaji: Ɗaya kuma? To bari a ga bayan salla.

'Yar Maraɗi: Malama, lawashin busasshe kike sawa ko ɗanye? Nan wurinmu busasshen ya fi samuwa yanzu.