Don Allah me za mu kira "right of way" da Hausa?

Maman Ilham: Salam jama'a, a agaza min. Gobe ƙarfe tara na safe zan shiga situdiyo, shirin kan kamfanonin da ke tona gefen titi suna binne wayar intanet ne, da takardar da dole su karɓa wajen hukuma kafin su sa diga. Wanda ya fara fassara rubutun ya sa "haƙƙin hanya", ni kuma bai kwanta min ba sam.

Ɗan Fagge: Haƙƙin hanya kam a'a Hajiya, mai sauraro zai ɗauka wa'azi za ki yi, runtse ido da amsa sallama. Ki ce izinin tona titi ki huta.

Injiniya: Ku tsaya, abu biyu ne fa suke kira da suna ɗaya. Akwai filin kansa, daga bakin kwalta ka tsallake lambatu har inda katangar mutane ta fara, nan ake kafa falwaya a binne bututun ruwa da waya, kuma na gwamnati ne ko da a ƙofar gidanka yake. Sai izinin da kamfani ke nema ya ratsa ta wurin, shi ake biya wa kuɗi mita-mita. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 kan kowace mita amma jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, sai a 2020 lokacin Pantami na ministan sadarwa gwamnoni suka sake amincewa, Ekiti ta sauko daga 4,500 zuwa 145, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya. Kuma ba kullum ake tono ba, wani lokaci ta ƙarƙashin kwalta ake huda a zura bututu, wani lokaci a sama ake rataya wayar, to "tona" bai ɗauke duka ba.

Malam Na-Zazzau: Abin da muke da shi tun kaka da kakanni kuke ta wahalar nema. BURTALI. Hanya ce da aka ware tsakanin gonaki, ba mai ikon nome ta, ba mai ikon toshe ta. Ki ce burtalin waya, magana ta ƙare.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, in ta ce gwamnati ta rage kuɗin burtali kafin azahar an fara kiran gidan rediyo a kan rikicin manoma da makiyaya 😂

Malam Na-Zazzau: Wannan ita ce matsalarku 'yan birni, kun raina kalmar ƙauye amma Bature na faɗin famit kun cafe. Izinin ma da kuke taƙama da shi ai aron Larabci ne.

Bagobiri: To Malam "Malam" ɗin ma ai aro ne, sai mu sake maka suna. Mu dai wajenmu labi muka hi sani.

Ɗan Damagaram: Ku Kanawa komai sai an bi bakinku. Mu nan ofishin magajin gari ake zuwa neman takardar, in ka ce famit ba mai gane ka, kuma shirin nata muna kama shi har nan fa.

Ɗan Fagge: Wa ya ce famit yanzu fisabilillahi? Malam ne ya kawo ta da kansa yake faɗa da ita.

Maman Ilham: Jama'a dare na yi, ni ba Kano da Zazzau na tambaya ba.

Injiniya: Yaya ga shawarata, filin ki kira shi hurumin titi. Hurumi dama wuri ne da aka keɓe, ba na mutum ɗaya ba, kuma mutane sun saba jin "ba huruminka ba ne". Takardar kuma izinin aiki a hurumin titi, ya haɗa tono da hudawa da ratayawa, har mai gidan da zai tsaga kwalta ya ja ruwan famfo ya shiga ciki.

Bagobiri: Hurumi ya yi, sai dai wani zai tuna maƙabarta ko filin idi. Kuɗin fa?

Ɗan Fagge: Kuɗin ratse.

Bagobiri: Ratse ai na direba ne in hanya ta ɓaci. Kuɗin shimfiɗa waya ya hi.

Injiniya: In bututun gas ne ko na ruwa fa?

Maman Ilham: Toh na ɗauki hurumin titi da izinin aiki a huruminsa, farkon shiri zan yi bayanin Injiniya a jimla ɗaya. Kuɗin zan ce kuɗin da kamfani ke biya kan kowace mita, ya yi tsawo amma babu lokaci. Na gode Allah ya bar zumunci.

Malam Na-Zazzau: Ba laifi, hurumin ma dai ya fi famit. Amma ku rubuta ku ajiye burtali ce daidai, girman kai ne kawai ya hana ku.