Ta ina zan fara rage ruwan da benen ofisoshinmu ke ci?

Mai kula da gini, Titin Kano:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da wani bene mai hawa biyu a nan Sakkwato, wanda ofisoshi tara ke haya a cikinsa. Muna da rijiyar burtsatse da tanki biyu a sama, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyar kan ja baya har sai mun sayi ruwan tanka, ga kuma man da janareto ke sha wajen tura ruwa sama. Masu haya sun fara ƙorafi a kan kuɗin, ni kuma ba na son rufe banɗaki ko takura wa masu alwala. Don Allah a ba ni shawara.

Mai gyaran famfo, Mabera:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, fara gano ruwan da ke tafiya lokacin da babu kowa. Ranar Juma'a bayan an tashi ka cika tankunan, ka kashe injin, ka tsoma sanda ka yi alama a inda ruwa ya tsaya, sannan ka sake aunawa Litinin da sassafe. Idan ya sauka sosai, akwai yoyo. Inda na fi samunsa shi ne tankin masai, domin idan robar ciki ta bushe ruwa yana silalewa dare da rana ba tare da ƙara ba. Ka zuba bula kaɗan a tankin, ka jira minti 15 ba tare da an kora ba. Idan shuɗi ya bayyana a kwanon, robar ta mutu. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa kuwa yana zubar da fiye da lita 10,000 a shekara. Idan canji ya kama, ka sa tankin masai mai maɓalli biyu, na lita 3 da na lita 6, domin tsofaffin kan zubar da lita 9 ko fiye a kora ɗaya.

Ma'aikaciyar ofis, Arkilla:
Malam, ka duba wurin alwala da kyau. A ofishinmu na sha ganin an bar famfo yana kwarara tun daga wankin hannu har zuwa ƙafa, alhali ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba. Mun jera butoci a gefen famfo ɗaya, mun kuma haƙa ɗan magudanar da ke kai ruwan gindin dogon yaro biyu da ke tsakar gida, don haka mai gadi ya daina ba su ruwan tanki.

Mai kula da gini, Titin Kano:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na yi gwajin sandar, kuma ruwan ya sauka kusan kamu biyu tsakanin Juma'a da Litinin. Bula ta nuna masai uku ne ke yoyo, duk a hawa na sama. Gobe za a canja robobin, in sha Allahu, kuma na aika a sayo butoci goma.