Mai gini zai iya hana ni shiga ofishina da bindiga?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Ina haya a hawa na biyu na wani gini a Houston, jihar Texas, ina harkar tura motoci zuwa Kwatano. Sau da yawa sai bayan isha'i nake rufewa, ga kuɗin mutane a jaka. Ina da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye. Makon jiya mai ginin ya kafa allo a ƙofar shiga, wai ba a shiga da makami. To ni da nake biyan haya fa? Abin ya dame ni ƙwarai.

Hajiya ta Dallas:
Wa alaikumus salam. Yana da iko, ɗan'uwa. 'Yancin riƙe makami da tsarin mulkin Amurka ya bayar, gwamnati ya ɗaure wa hannu, mai gini kuwa dukiyarsa ce. Duba allon da kyau: a dokar laifuka ta Texas, sashe na 30.06 shi ne na hana shiga da bindigar ɓoye, 30.07 na wadda ake ratayawa a fili. Dole rubutun ya kasance da Turanci da Sifaniyanci, haruffan su kai inci 1. Ko da baki ya gaya maka ma, sanarwa ce.

Ɗan Zinder:
Alhaji, ɗauko takardar hayarka tukuna. Dokar Texas ta 2019 da ta kare masu haya kan riƙe bindiga, ta gidajen zama ce, ofis bai shiga ciki ba. Idan akwai sharaɗin bin ƙa'idojin gini kuma ka sa hannu, saɓa masa zai iya jawo maka kora. Ka kai wa lauya ya karanta.

Baban Ummi:
Na duba, sharaɗin yana shafi na 9. Gobe zan sami mai ginin mu yi maganar mai gadi da fitilun wurin ajiye motoci, don duhun wurin nan ne yake tsorata ni.