Ina son yin aikin sa kai a babban cocinmu, ta ina zan fara?

Tela Mai Keke Biyu:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin kasuwa, kuma ina zuwa sujada a babban cocin Katolika na garinmu, inda kujerar Bishop take. Duk Asabar ina bin matan Zumunta mu share coci mu goge bencina, amma zuciyata tana ga waɗanda ke wajen ƙofa. A layinmu akwai wata tsohuwa Musulma, idonta ya tafi, jikoki uku ne a hannunta. Nakan kai mata abin da ya samu, to amma aljihuna ba zai ɗauka ba, kuma ina tsoron danginta su ce janye ta nake son yi zuwa addinina. Wace ƙungiya zan shiga? Wa zan gani, tunda Fada kullum cikin hidima yake? Lokacin da nake da shi yammacin Laraba ne da Lahadi bayan sujada.

Baba Katikis Mai Ritaya:
'Yata, Allah ya albarkaci niyyarki. Ba sai kin jira Bishop ba. Shi kujerarsa ce a wurin, amma harkar yau da kullum tana hannun Fadan da aka ɗora wa kula da babban cocin, kuma ofishinsa yana da jerin ƙungiyoyi da ranakun taronsu. Ki je ranar aiki da safe, kada ki je Lahadi da ake cunkoso.

Ƙungiyoyi biyu ne mutane ke yawan haɗawa, alhali aikinsu daban. Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, tana taro kowane mako, 'ya'yanta suna fita bibbiyu su ziyarci marasa lafiya da waɗanda suka daina zuwa coci, su yi addu'a da su. Amma dokarsu ta hana su raba kuɗi ko abinci. Wadda ta dace da abin da kika faɗa ita ce ƙungiyar Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka fara a Paris a 1833. Su ne kike gani da akwati a bakin ƙofa bayan sujada. A taronsu ana zagayawa da jaka, kowa ya zura hannu ya sa abin da yake da shi, ba wanda ya san na wani. Suna zuwa gidan mabukaci su biyu, su zauna, su ji damuwarsa, su kawo rahoto, sannan a yanke abin da za a yi. Ba sa tambayar addinin mutum. Ki kai musu maganar tsohuwar nan, nauyin ya tashi daga kanki ke kaɗai.

Ɗan Matasa:
Baba, a gafarce ni. Muna da gwauraye da marayu a cikin ikilisiya da ba a gama da su ba. Ba su ya kamata a fara dubawa ba?

Baba Katikis Mai Ritaya:
Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Bulus ya ce wa Galatiyawa a yi wa kowa alheri, musamman 'yan'uwa masu bi, don haka na gida suna da haƙƙinsu. Amma ya fara da kowa. Ka sake karanta labarin Basamariye a Luka 10. Tsohuwar nan a layin 'yar'uwarka take, ita Allah ya nuna wa.

Maman Tagwaye, Yola:
Ƙanwata, bari in ba ki abin da idona ya gani. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi, mutane suka kwararo Yola daga can da Michika da Madagali, wasu a ƙafa. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa, dubban mutane suka cika wurin, Kirista da Musulmi. Ni na je da tunanin girki kawai zan yi. Aka miƙa mini littafi da biro, aka ce in rubuta sunan kowace uwa da yawan 'ya'yanta da garin da ta fito. Da wannan littafin ake auna masara da mudu. In babu shi, masu ƙarfi su karɓa sau biyu, tsofaffi da masu goyo su koma hannu wofi. Har yau ina tuna wata mata da ta kasa faɗin yawan 'ya'yanta, saboda ba ta san ko za ta ƙirga biyun da suka ɓace a daji ba. Na ajiye biro na riƙe hannunta har ta yi magana.

Wasu daga cikin mutanen nan sun yi shekaru a harabar cocin. A 2021 diyosis ɗin, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin Bishop, ta buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta da coci, aka kuma gina masallaci domin Musulmin cikinsu. An yi surutu a kan masallacin, amma ni na ga dacewarsa, tunda tare suka gudo, tare suka ci wahala.

Kuma kada ki raina kekenki. Kayan makarantar jikokin nan uku kaɗai, in kin ɗinka, kin sauke wa kakarsu babban kaya. In za ki koya wa 'yan mata biyu ɗinki ranar Laraba, ki gaya wa ofishin JDPC, wato hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya ta diyosis ɗinku, irin aikin da suke nema ke nan.

Malam Maƙwabci:
Ni Musulmi ne, kuma na ji daɗin tambayar nan. Baiwar Allah, tsoronki yana da magani. Kafin ku shiga da sunan ƙungiya, ki fara gaida babban namijin gidan ko mai unguwa, ki faɗi ko ku su waye da abin da ya kawo ku. Ku je da rana, mata su shiga wurin mata, a yafa mayafi. Ku kai ɗanyen abinci: gero, shinkafa, wake, mai, sabulu. Dafaffen nama yakan sa mutane shakkar yanka, su karɓa don kunya su kasa ci. Kada a haɗa kayan da takardar wa'azi, kada a ɗauke ta hoto a sa a Facebook. In azumi ya zo, sukari da gero kafin shan ruwa suna da daraja sosai. Allah ya saka da alheri.

Anti Nas:
Ƙari biyu. Kada ki sayo mata maganin ido a kemis, ku kai ta asibiti a duba, domin in yanar ido ce ana yin aiki ta warke. Sannan duk kuɗin da wani ya ba ki dominta, ki miƙa wa ma'ajin ƙungiya a rubuta.

Tela Mai Keke Biyu:
Na gode ƙwarai, iyayena. Malam, na gode. Na je ofishin, ashe 'yan Vincent de Paul ranar Lahadi suke taro bayan sujadar farko, kuma sun ce in zo. Tsohuwar tana da ƙane a bayan kasuwa, shi zan fara gani. Saura abu ɗaya: sharar Asabar fa, in bari?

Maman Tagwaye, Yola:
Kada ki ɓace musu haka kawai. Ki sami shugabar Zumunta ki gaya mata, ki riƙa zuwa Asabar biyu a wata. Shagonki ma yana bukatarki, da shi kike ci, da shi za ki ɗinka wa yaran kaya. Ki auno su wannan Larabar, ni zan aiko da kuɗin yadi ta hannun ma'ajinku.