Yaya ake jera tufafi a lokacin kaka a Ingila?

Sabon Baƙo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Makonni uku ke nan da saukata a Manchester domin karatun digiri na biyu, kuma akwai wata matsala da nake jin nauyin tambayar abokan karatuna a kanta, shi ya sa na kawo ta nan. Kafin in baro Kano na shiga kasuwar Ƙofar Wambai na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, irin wadda idan mutum ya shiga cikinta sai ka ce an naɗe shi da katifa, na taho ina ganin na gama da maganar sanyi. Da safe idan na fito tana yi mini daidai, amma da zarar na shiga bas ko ɗakin karatu, inda na'urar ɗumama ɗaki take aiki, sai gumi ya rufe ni. Idan na tuɓe ta kuma, babu komai a jikina sai shat ta auduga da ta riga ta jiƙe, ina sake fita waje iska ta ratsa ni har ƙashi.

Na lura samarin nan ba sa dogara da riga ɗaya mai nauyi, sukan jera uku ko huɗu marasa kauri, kuma shigar ta zauna musu tsaf. Ina roƙon a bayyana mini ƙa'idar wannan jerin, da abin da ya kamata mai kuɗin ɗalibi ya fara saya, da abin da maza suke yayi a wannan kakar, don kada in riƙa fita kamar wanda ya ɓato hanya. Sannan na zo da kaftanai huɗu na shadda waɗanda ban sa ko ɗaya ba tukuna, alhali raina yana so in je masallacin Juma'a da su.

Tsohon Mazauni ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena, barka da zuwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Kusan duk wanda ya zo daga gida ya yi irin wannan sayayyar, ni ma na yi ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, don haka kada ka ji kunya.

Kalmar kaka ce take fara yaudarar mu. A gida kaka lokacin girbi ne, ruwa ya ɗauke, rana tana nan da zafinta a watan Oktoba, sanyin da muka sani kuma na hunturu ne, busasshe, wanda ya fi tsanani da asuba. Kakar Ingila, daga Satumba zuwa Nuwamba, sanyi ne mai danshi da iska da yayyafi, kuma yanayin yakan sauya sau uku a yini guda. A Oktoba ma'aunin zafi a wajenku yakan yi yawo tsakanin digiri 7 da 14, a Nuwamba ya ƙara sauka, yayin da cikin gine-gine ake ɗumama su zuwa wajen digiri 20. Riga ɗaya ba za ta iya yi maka hidima a duk waɗannan wuraren ba, dole sai abin da za ka iya ragewa da ƙarawa. Ka kuma sani cewa ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu zai riƙa shigowa da wuri, har ya zama a ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, wato a cikin sanyin dare za ka riƙa komawa masauki.

Abin da yake ɗumama mutum shi ne iskar da ta maƙale tsakanin tufafi, wadda zafin jikinsa ya ɗumama, shi ya sa riguna uku marasa kauri sukan fi guda ɗaya mai nauyi amfani. Ta farko, wadda take taɓa fata, aikinta ta janye gumi daga jiki, kuma a nan ne shat ɗinka ta auduga ta ci amanarka, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe shi, jiƙaƙƙen tufa kuwa yana zuƙe zafin jiki da sauri. Ka nemi rigar ciki mai dogon hannu wadda take lafe wa jiki, ko dai ta ulun merino, wato gashin wasu tumaki da asalinsu daga Sifaniya yake amma yanzu Ostireliya ce ta fi kiwon su, ko kuma ta zaren roba irin Heattech da kamfanin Uniqlo na Japan ya fitar a 2003. Merino ya fi tsada, amma ba ya ƙaiƙayi kamar ulun da muka saba da shi, ba ya saurin wari, kuma ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Na roba ya fi arha ya kuma fi saurin bushewa, sai dai yana buƙatar wanki akai-akai.

Ta biyu ita ce mai tara ɗumi, wato suwaita ta ulu ko mai laushin nan ta roba, kuma na fi ba ka shawarar mai zik ko maɓallai a gaba, saboda kana iya buɗe ta a cikin bas ba tare da ka tuɓe ba. Ta uku, ta waje, ba lallai ne ta yi kauri ba, abin da ake nema a gare ta shi ne ta tare iska da ruwa, ta kuma kasance da hular da take haɗe da ita, domin laima ba ta daɗewa a hannun mutum a iskar arewacin Ingila. Ba banza ba ne rigunan ruwan da suka yi suna suka fito daga wannan tsibiri. Charles Macintosh ya yi wa yadinsa mai roba rajista a 1823, kuma a Manchester ɗin da kake zaune aka kafa masana'antarsa. Thomas Burberry ya ƙirƙiro yadin gabadin mai tare ruwa a 1879. Kamfanin Barbour, mai jaket ɗin auduga da ake shafa wa kakin da yake hana ruwa shiga, ya fara a South Shields a 1894.

Game da kuɗi, ka fara da rigunan ciki biyu da jaket mai tare ruwa, sannan suwaita biyu, sannan takalmin da ruwa ba ya shiga da safa ta ulu. Rigar ciki da safa ka saya sababbi, amma suwaita da kwat ka leƙa shagunan ƙungiyoyin agaji irin Oxfam da British Heart Foundation, gwanjon nan ƙasar ke nan, kuma babu wanda yake ganin abin kunya ne. Ka riƙa duba 'yar takardar da ake ɗinkawa a cikin riga, wadda take nuna kason ulu da na roba. Yayi kuwa ban damu da shi ba, na bar wa yara.

Ɗan Gayu ya amsa:

Yaya Tsohon Mazauni ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina neman afuwa in saɓa masa a jimlarsa ta ƙarshe, domin mai tambaya bai ce ɗumi kaɗai yake nema ba, kuma mutum yana iya bin ƙa'idar nan ta riguna uku sarai ya fito kamar buhun gyaɗa. A 'yan shekarun nan matsattsen wando ya ja baya, an koma mai miƙaƙƙiyar ƙafa ko mai ɗan faɗi, wanda mu da muka tashi da wandon kaftani ba baƙo ba ne a wajenmu. Launukan da suke tashe a kaka su ne ruwan ƙasa, ruwan hanta, kore mai duhu, ruwan toka da ruwan madara, kuma alherinsu shi ne kowanne yana shiga da ɗan'uwansa, ta yadda kaya shida za su ba ka shiga goma. Ana yayin shat mai kauri da manyan aljihuna wadda ake sawa a buɗe a matsayin jaket, da suwaita mai guntun zik a wuya, da falmaran mai cushe da ake sawa a ƙarƙashin kwat. Yadin kodiroi, mai layi-layi da laushin karammiski, shi ma ya dawo, kuma abin sha'awa, a Jamus da Suwidin sunan garinku suke kiran wannan yadin da shi, saboda a nan aka shahara da saƙa shi.

Ƙa'idojin da nake bi ba su da yawa. Mafi sirantaka a ciki, mafi kauri a waje. Ta waje ta fi duk na cikinta tsawo, kada gefen suwaita ya leƙo ta ƙarƙashin jaket. Abu mai zane ko launi mai ƙarfi kada ya wuce ɗaya a jiki. Idan za ka gwada kwat a shago, ka gwada shi da suwaitar a jikinka, ka ɗaga hannuwa sama ka gani ko kafaɗa ta ɗaure. Sannan kowace riga a jerin ta zama wadda ba za ka ji kunya ba idan ita ce ta rage a waje, tun da a aji sai ka tuɓe biyu. A ƙafa kuma ina ganin takalmin but mai roba a gefe, marar igiya, ya fi dacewa da mai shiga masallaci sau da yawa a rana.

Ɗan Tela ya amsa:

Malam Sabon Baƙo, ni maganar kaftani zan taɓa, domin a shagon ɗinki na tashi. Shadda auduga ce, kuma yadda ake buga ta har ta yi sheƙi bai sa ta tare iska ba, saboda haka a wannan jerin kaftaninka ba rigar ɗumi ba ce, ado ne da yake zama a tsakiya. Ɗumin zai fito daga abin da yake ƙarƙashinsa. Ka sa rigar cikin da aka faɗa maka, tare da dogon wandon ciki irin nata a ƙarƙashin wandon shaddar, amma ka zaɓi mai faɗaɗɗen wuya wanda ba zai leƙo ta saman aikin wuyan kaftanin ba, ka kuma tabbata hannunta yana naɗuwa har ya wuce gwiwar hannu, in ba haka ba alwala za ta zame maka aiki. Idan kaftanin fari ne ko mai haske, ruwan toka mai haske ya fi baƙi ɓuya a ƙarƙashinsa.

Kuskuren da nake yawan gani a ƙofar masallaci shi ne guntuwar jaket mai kumburi a kan dogon kaftani, wadda take raba mutum gida biyu, sama Bature ƙasa Bahaushe. Abin da ya dace da kaftani shi ne dogon kwat na ulu da ya kai gwiwa, baƙi ko shuɗi mai duhu ko ruwan toka, domin tsayinsa yana bin tsayin rigar, sai ka ƙara da mayafin wuya, ka kafa hularka ta zanna ko ƙube. Babbar riga ba ta shiga cikin kwat, duk wanda ya gwada ya ɓata gugarsa a banza. Ranar da za ka sa ta, ka ƙara yawan na ciki kawai. Idan kuma za ka aika gida a yi maka sabon ɗinki, ka ce wa telanka ya ƙara inci ɗaya a ƙirji da hammata, ya kuma nemo yadi mai haɗin ulu irin na kwat da wando a Kantin Kwari, za ka ga bambanci. Ka kula da ruwan sama a kan shadda mai tsada, yana kashe mata sheƙi.

Tsohon Mazauni ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Ɗan Gayu, musamman maganar gwada kwat da suwaita a jiki. Abin da zan ƙara shi ne ka guji takalmi ko jaket na fata mai gashi-gashi, ko da kuwa ana yayinsu, domin ruwan Manchester zai yi musu tabo cikin mako guda. Kayan ulu kuma kada ka haɗa su da sauran wanki a ruwan zafi, kada ka jefa su a injin busar da kaya, in ba haka ba suwaitar babban mutum za ta koma ta ɗan shekara bakwai. Ka wanke su a digiri 30 ko ƙasa da haka, ka shimfiɗa su a kwance su bushe. Ita kuwa ƙatuwar rigarka ta Ƙofar Wambai kada ka yar da ita, ka rataye ta, watan Janairu yana tafe.

Sabon Baƙo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, yayyena, Allah Ya saka da alheri. Jiya Asabar na sayi rigunan ciki biyu da jaket mai hula, na kuma samu suwaita mai maɓallai, ruwan ƙasa, a wani shagon agaji, takardarta ta nuna ulu ne zalla. Dogon kwat ɗin da na gwada ya matse ni a kafaɗa da na ɗaga hannu, sai na bar shi, zan sake zagayawa mako mai zuwa. Malam Ɗan Tela, kafin in samu kwat ɗin, kaftanina mafi duhu shuɗi ne kuma ya sauka ƙasa da gwiwa kaɗan. Shin in sa jaket ɗin a kansa wannan Juma'ar in tuɓe a bakin ƙofa, ko in haƙura da ƙananan kaya tukuna?