"Audu zaki ne": siffantawa ce ko dabbantarwa?

'Yar Azare:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a kwalejin ilimi, sashen Hausa. Jiya a gwaji aka ba mu jimlar "Audu zaki ne a fagen fama", aka ce mu faɗi irin adon harshen da ke ciki. Ni na rubuta siffantawa, ƙawata ta rubuta dabbantarwa. Tun daga bakin aji muke musu har muka sauka daga Keke Napep, mai keken ma sai da ya tsoma baki. Jarrabawa saura mako biyu, don Allah a raba mu.

Malam Na-Wunti:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekara 24 na yi ina koyar da wannan darasi a sakandare, kuma duk shekara sai an yi wannan rigimar.

Fara da kamantawa, ita ce mai sauƙi, domin tana tafe da kalmar da ke tona ta: kamar, tamkar, awa, ya fi, bai kai ba. "Audu kamar zaki yake" kamancen daidaito ne. "Audu ya fi zaki zuciya" na fifiko ne. "Zuciyarsa ba ta kai ta zaki ba" na gazawa. Idan kika cire wannan kalmar, kika ce shi ɗin ne zakin kai tsaye, kin shiga siffantawa.

Dabbantarwa kuwa ba sai an ambaci dabbar ba. Ɗabi'arta ake ɗora wa mutum: "Audu ya yi ruri, ya girgiza geza, maza suka watse." Ina zaki a nan? Babu sunansa, amma kin ji shi. Ita da mutuntarwa (ba wani abu ɗabi'ar mutum) da abuntarwa (mai da mai rai kamar abu marar rai) 'yan ɗaki ɗaya ne, jinsarwa ake kiransu a rabe-raben da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yi fice da su.

Da ni ke duba takardar, ke zan ba makin. Ƙawarki ta ga zaki ne ta ruga da gudu.

Mai Tumatir Muda Lawal:
Malam, ni boko bai yi mini nisa ba, amma in ciniki ya ƙi mukan ce "yau kasuwa ta juya mana baya". Wannan fa? Sannan akwai wata kwastoma da kullum sai ta ce tsadar tumatirina ta sa ta furfura.

Malam Na-Wunti:
Alhaji, ai kasuwa ba ta da ƙeya balle ta juya. Kun mai da ita mutum, mutuntarwa ke nan. Ta hajiyar kuma kambamar zulaƙe ce, wato zuzuta abu fiye da kima, sai dai in da gaske kake tsawwalawa.

'Yata, ki bar haddar ma'anoni kawai. Nemi waƙar "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin nan namu na Bauchi da ya rasu a 1958. Ki karanta ta da ƙarfi, ki saurari amsa-amonta na "ya", wato sautin da baitocinta ke ƙarewa da shi, ki ja layi ƙarƙashin duk adon da kika gani, ki ba shi suna da kanki.

'Yar Azare:
Allah ya saka da alheri Baba. Na tura wa ƙawata, ta ce wai ba ta yarda ba sai an raba takardu ranar Litinin. Mun ƙulla, wadda ta faɗi ita za ta sayi masa.