Ripitarmu tana da baki amma ba ta da kunne, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da ƙungiyarmu ta masu sha'awar rediyo ta kafa ripita ta oba-oba, wato na'urar da ke karɓar maganar mai rediyo ta sake watsa ta don ta kai nesa. A kan megahaz 145 take, tana karɓa a zango ɗaya tana mayarwa a wani, tazarar kilohaz 600 a tsakani. Eriya ɗaya ce a kan hasumiya mai tsawon mita 25, injin yana fitar da wat 40. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne kowa yana jin ta raɗau ko daga nesa, amma mai ƙaramin rediyon hannu da ya wuce kilomita biyar ko shida sai muryarsa ta nutse cikin shuuu. Abokai sun ce a sayo amfilifaya a ƙara ƙarfi. Kafin mu yi, don Allah waɗanda suka riga mu hawa su faɗi abin da ya same su.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku bar maganar amfilifaya tukuna. Ni na saya, na tashi daga wat 25 zuwa 100, kuma ranar da na kunna ta ripitar ta ƙarasa kurumcewa. Dalili kuwa ita ripita tana magana tana saurare a lokaci guda, ta eriya guda. Mutum ne yake kwarara ihu yana kuma son ya ji raɗa daga bayan gari. Abin da ke raba bakin da kunnen shi ne dufileksa, waɗannan gwangwanayen masu tsawon kamar rabin mita. A tazarar kilohaz 600 ana so su danne ƙarfin aikawa da desibel 80 zuwa 90 kafin ya kai ga kunne, desibel 80 ɗin kuwa ninki miliyan ɗari ne. Tawa hannu na biyu ce, wanda ya sayar mini ya rantse an saita ta, ashe a wani zango dabam aka saita. Sai da na kai wa mai na'urar awo ya murɗa sandunan ɗaya bayan ɗaya.

Ga gwajin da ba ya cin komai. Ka sa wani ya je nesa ya yi magana, kai kana sauraron kunnen ripitar kai tsaye, sannan ka kashe ɓangaren aikawa. In muryarsa ta washe nan take, to ripitar ce ke toshe kunnen kanta. Kuma wace iri ce dufileksarku? In irin 'yar ƙaramar nan ce falalen da ake sa wa a mota, ba za ta iya da kilohaz 600 ba, tana bukatar tazarar megahaz da dama.

Sabon Shiga:
Baba, mai gwangwani huɗu ce manya. Zan yi gwajin gobe in Allah ya kai mu.

Mai Hawa Ƙarfe:
Ni kebul ne ya wahalar da ni. Farkon aikina na ja siririn RG-58 mita 30 daga ɗaki zuwa sama, saboda shi ne a hannu. A wannan zangon, tsawon nan kaɗai yana cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin, kuma kamar yadda yake ci wajen hawa haka yake ci wajen saukowa. Babbar ripita tana da abin da za ta yi asara ta rage saura. Mai rediyon hannu na wat biyar da 'yar eriyar roba ba shi da shi.

Daga baya na canza zuwa mai kauri, abu ya yi kyau, sai na yi ganganci wajen naɗe mahaɗar sama, na yi mata salatif ɗin lantarki kawai. Bayan ruwan sama na 'yan watanni ruwa ya bi ta ciki. Abin haushin, mitar SWR, mai auna ƙarfin da ke dawowa baya daga eriya, sai ƙara kyau take nunawa, har ina yabon kaina. Ashe jiƙaƙƙen kebul ne yake shanye abin da ya kamata ya dawo ya nuna a mita. Da na yanke shi, ragar tagullar ta koma kore har kusan mita biyu. Yanzu mahaɗa irin N nake sawa, in naɗe da salatif mai narkewa ya haɗe da kansa, in bi da na lantarki a sama, daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa ba zai sami baki ba.

Injiniya:
Yaya Mai Hawa, kauri kaɗai ba ya isa. Mu mun sa kebul mai kyau, irin mai takardar alminiyam da ragar waya a kanta. A rediyon gida ba shi da laifi ko kaɗan. A ripita kuwa, da ya ɗan tsufa, ƙarfen biyu suna gogar juna suna haifar da ƙaraf-ƙaraf a kunne duk lokacin da take aikawa. Mun fi wata biyu muna zargin dufileksa. Wani yaro ne cikinmu ya lura cewa ƙarar ba ta zuwa sai ana iska. Muka hau muka girgiza kebul ɗin da hannu, na ƙasa ya ce ga ta nan. Muka koma kan mai bututun tagulla, rabin inci. A hawan nan ne kuma muka tarar da noti biyu masu tsatsa sun yi sako-sako kusa da eriya, su ma suna tasu gudummawar, domin tsatsa tsakanin ƙarfe biyu tana cakuɗa sigina ta tofo shara. Ƙananan wayoyin da ke tsakanin rediyo da dufileksa su ma a duba, masu raga biyu ake so.

Na Kan Dutse:
Ni dai ban yarda duk laifin na'ura ba ne. Tsawo shi ne sarki a wannan harka. Daga mita 25 iyakar abin da eriya ke hangowa a shimfiɗaɗɗen fili kamar kilomita 20 ne, daga mita 100 kamar 41. Sai ka ninka tsawo sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu. Tamu a kan dutse take, wat goma kacal, da batir da sola, ta fi wasu masu wat hamsin kai wa. Kuskurenmu ɗaya, mun sa doguwar eriya mai ƙarfin tattarawa sosai, sai siginar ta riƙa wucewa ta saman waɗanda ke gindin dutsen. Na nesa suna jin mu, maƙwabta ba sa ji.

Tsohon Hannu:
Malam Na Kan Dutse, gaskiyarka, amma shi kilomita shida yake kuka da ita daga mita 25. Wannan ba ciwon tsawo ba ne.

Mai Eriya Biyu:
Mu ba mu da dufileksa da farko, eriya biyu muka sa. Da muka jera su gefe da gefe, ba a jin kowa. Da muka ɗora ɗaya a saman ɗaya a layi guda, ta karɓa a sama, sai dama-dama, sannan ma sai da muka rage ƙarfi muka ƙara gwangwani a kunne. Wani abu kuma: rediyon mota biyu muka haɗa. Na aikawar ba a yi shi don ya yi ta magana ba hutu ba, hira ta yi tsawo wata rana ya ƙone. Wanda ya gaje shi rabin ƙarfinsa muke ba shi, da fanka a bayansa, da agogon da ke katse mai surutu bayan minti uku.

Mai Hawa Ƙarfe:
Na manta ban faɗa ba. Aradu ta taɓa cinye mana komai a dare ɗaya, saboda hasumiya da ɗakin injin kowanne da nasa wayar da ke shiga ƙasa, wato atin ɗin, ba a haɗa su ba. A haɗe su wuri ɗaya da waya mai kauri gajeriya, a sa makarin tsawa inda kebul ke shiga ɗaki. Kuma kada kowa ya hau ba ɗamarar hawa, ko ana aikawa.

Sabon Shiga:
Baba Tsohon Hannu, mun yi gwajin. Ina kashe aikawa muryar abokina ta fito tas daga kilomita goma sha huɗu, ina kunnawa ta ɓace. Sai na cire eriya na sa lodin gwaji na om 50, wanda ke shanye sigina a madadin eriya, muka gwada da rediyon hannu a kusa, shuuu ɗin yana nan, ke nan matsalar a ɗaki take ba a sama ba. Da na leƙa bayan akwatin sai ga wayar da ke tsakanin kunne da dufileksa, RG-58 ce mai raga ɗaya, kuma ni da hannuna na ɗaure ta tare da ta aikawa don wurin ya yi kyan gani. Na raba su, abin ya ragu amma bai tafi duka ba. Injiniya, cikin masu raga biyun, RG-214 zan nema ko RG-400? Kuma waɗanda ke tsakanin gwangwanayen su ma in canza?

Injiniya:
Kowanne ka samu ya yi, RG-400 ya fi sauƙin lanƙwasawa. Na tsakanin gwangwanaye kuwa kada ka taɓa su, an yanka su ne a kan awo.